Guntun Gatari da Ƙofar Alƙali: Inda 'Yan Mazan Jiyan Kaduna Suka Dace, da Inda Suka Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Tudun Wada ko Unguwar Sarki bayan la'asar, irin wadda tsofaffin ma'aikatan gwamnati da tsofaffin malaman makaranta ke haɗuwa a kan benci a ƙofar gida, ya san inda hira take ƙarewa ko daga ina ta faro. A fara da farashin buhun masara ko fanshon da bai shigo ba, kafin a kira magariba an iso ga ƙorafi uku: yaran yanzu ba su san haƙƙin kowa a kansu ba, matasa sun zauna jiran a ba su, doka kuwa ta zama abin wasa. Samarin da ke gefe suna latsa waya sai su yi murmushi su ce, “Baba ke nan, ɗan mazan jiya.” A wurinsu magana ta ƙare.

Ni dai ban ɗauka ta ƙare ba. Na daɗe ina zama a irin wannan majalisa, kuma na lura ƙorafin nan igiya ɗaya ce da aka tufka da zare uku. Akwai tunani a bayansa wanda ya fi “da can ya fi yanzu” zurfi, ko da yake masu shi ba kasafai suke zama su tsara shi ba. Wani sashe nasa gaskiya ce tsagwaronta. Wani kuma tarihin garin nan da kansa ne yake ƙaryata shi.

Asalin “mazan jiya” kirari ne na jaruman da suka shuɗe. Masu fassarar labaran rediyo ne suka ɗauko shi, tare da “ra'ayin riƙau”, suka laƙaba wa masu aƙidar riƙe abin da aka gada, irin jam'iyyar da Margaret Thatcher ta jagoranta a Ingila. Tushen aƙidar ba shi da wuyar ganewa. Ba a haifar ɗan Adam da tarbiyya, koya masa ake yi. Al'umma gado ce, ba wani mai wayo ne ya zauna ya zana ta ba. Abin da ya daɗe yana aiki akwai hikima a cikinsa ko da ba wanda zai iya faɗin ta, saboda haka gyara a bi shi sannu, kada garin neman gira a rasa ido. Edmund Burke, ɗan majalisar Ingila da ya soki juyin juya halin Faransa a 1790, yana ganin ƙaunar ƙasa daga ɗan ƙaramin rukunin da mutum ya tashi a ciki take farawa. Da an karanta wa dattijon Tudun Wada wannan, cewa zai yi ai gida da unguwa da makarantar allo ake nufi. A Amurka kuwa an yi wa aƙidar ƙari: gwamnati ta janye hannunta, haraji ya ragu, kowa tasa ta fisshe shi.

Namu mazan jiyan ba haka suke ba, kuma wannan ne abu na farko da jikokinsu ke mantawa. Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa a 1954, shi ne madubin duk mai ra'ayin riƙau a garin nan. Taken gwamnatinsa “Aiki da Ibada”. Amma bai zauna yana yi wa talaka wa'azin aiki ba. Da kuɗin gwamnati da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957. Gwamnati ce ta yi Yaƙi da Jahilci, ta kai ajin manya ƙauyuka, hukumar NORLA ta Zariya tana buga musu abin karantawa da Hausa da wasu harsunan Arewa. A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, aka kuma kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Riƙau ɗin Sardauna shi ne a riƙe sarauta da addini da ladabi, a yi amfani da ƙarfin hukuma a gina mutane a cikinsu. Wanda ya ɗauki rabin farko ya yar da na biyu ba gadon Sardauna ya ɗauka ba.

To mu koma ga zaren farko, tarbiyyar ɗan ƙasa. Yaranmu suna da darasi sukutum a kanta, wanda suke kira “sibik”, kuma a 2014 ya shiga jerin darussan da ake rubutawa a jarrabawar WAEC. Abin da ke cikinsa ba laifi. Sashe na 23 na Tsarin Mulkin 1999 ya jera ɗabi'un ƙasa guda bakwai: ɗa'a, riƙon amana, mutunta aiki, adalcin zamantakewa, haƙuri da addinin juna, dogaro da kai, da kishin ƙasa. Sashe na 24 ya jera nauyin da ke kan ɗan ƙasa, har da taimaka wa hukumomin tsaro da biyan haraji a kan lokaci. Yaro zai haddace waɗannan tsaf. Abin da dattawa ke cewa shi ne, hali ba hadda ba ne. Yaron da aka rubuta wa amsar sibik a allo ranar jarrabawa, bayan iyayensa sun biya “kuɗin taimako”, ya koyi darasi, amma ba wanda ke cikin littafin ba. A nan ban ga ta inda za a kayar da su ba.

Tarihi ma yana bayansu. A watan Maris na 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. An ga layi a tashar mota, an ga ma'aikacin da ya makara yana tsallen kwaɗo. Da aka yi juyin mulki a watan Agusta na 1985, layin ya watse tare da bulalar. A 1987 Babangida ya kafa hukumar MAMSER ƙarƙashin Jerry Gana, wadda dogaro da kai yake cikin sunanta ma, a 1993 aka narkar da ita cikin hukumar wayar da kai ta NOA. Kowace gwamnati da takenta da fostarta. Abin da aka shuka da sanarwa, da sanarwa yake bushewa. Sannan su wa za su koyar? A 2017 gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin ɗari ba, ta sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da yadda aka yi sallamar, ƙungiyar malamai har yajin aiki ta yi, amma ba wanda ya fito ya rantse cewa azuzuwan lafiya lau suke.

Inda nake rabuwa da dattawan shi ne idan aka tambaye su wace tarbiyya suke so a dawo da ita. Amsar takan tattaru a karin magana ɗaya: bin na gaba bin Allah. A gaida babba, a durƙusa, kada a ɗaga murya. Wannan ladabi ne, kuma ina son sa, ba na jin daɗin yaron da ke miƙa wa sa'an kakansa hannu yana tsaye ƙiƙam. Sai dai ladabi yana samar da ɗa nagari ne, bai isa ya samar da ɗan ƙasa ba. Ɗan ƙasa shi ne wanda zai gaida kansila cikin girmamawa, sannan ya tambaye shi ina kuɗin kwalbatin da aka ce an fitar. Kuma wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a gadonmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi suna ne da tuhumar sarakunan zamaninsa a kan harajin da ba shi da tushe, da ƙwace dukiyar talakawa, da “gaisuwar” da ake kai wa masu hukunci. 'Yarsa Nana Asma'u ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata. Lokacin da su Malam Aminu Kano suka fito da NEPU a 1950 suna ƙalubalantar hukumar En'e, da wannan gadon suka kafa hujja. Wato gado biyu muka samu daga gida ɗaya, na biyayya da na tuhuma, mai riƙau na gaskiya kuwa ba shi da ikon zaɓar wanda ya fi masa daɗi.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da Kaduna. Garin gwamna ne, ba birni mai ganuwa ba. Turawa ne suka dawo da hedikwatarsu nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa da bariki da ofis suka tara mutane. Kusan kowa a nan kakansa daga wani wuri ya zo. Tarbiyyar gida tana koya wa yaro haƙƙin danginsa da na mutanen masallacinsu ko cocinsu. Wa zai koya masa haƙƙin wanda ba su haɗa komai ba sai gari? A da masaƙa ce take yi. Bakatsine da Bajju da Tibi da Bayarabe suna kan inji ɗaya, suna cikin ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suna zaɓen shugabanni, suna karanta yarjejeniya, suna koyon yadda ake jayayya a tashi ba a zubar da jini ba. Adams Oshiomhole daga masaƙar Arewa ya taso har ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa. Ban taɓa jin an ambaci ƙungiyar ma'aikatan masaƙa a majalisarmu a matsayin makarantar tarbiyya ba, wataƙila don tana wari irin na 'yan tawaye, amma ta yi aikin da sibik bai yi ba. Bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002, mutane suka yi ƙaura, Musulmi suka tattaru galibi a arewacin kogi, Kirista a kudu. Yanzu akwai saurayi a Rigasa da bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, akwai takwaransa a Sabon Tasha da bai taɓa shiga zauren Musulmi ba. Gida kaɗai ba zai gyara wannan ba, domin gidan ne ya yi ƙaura.

Zare na biyu, dogaro da kai, shi ne inda dattawa suka fi zafi, kuma shi ne inda suka fi burge ni. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wanda yake son ganin ma'anar wannan ya shiga tsohuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Masu walda, maƙera, kafintoci, masu narka dalma da sanholo su zuba tukwane, masu ƙera injin niƙa da na gyaran hatsi daga ƙarfen da wani ya yar. Uba ya kawo yaro ya damƙa wa maigida, yaro ya fara da share rumfa da aike, a hankali a ba shi guduma, bayan shekaru a yaye shi, wani lokaci har da ɗan jari. Ba takarda, ba lauya. Amana ce da idon jama'a. A gefe ga adashe, wanda ya aurar da 'ya'ya ya kuma sayi kekunan ɗinki fiye da yadda wani banki zai yi alfahari da shi. Ba gwamnatin da ta ƙirƙiro waɗannan. Abin da hukuma ta iya yi mai amfani shi ne ta bi sawu, kamar yunƙurin da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, take yi na ba masu irin wannan sana'a shaidar ƙwarewa da za a karɓa a wajen rumfa.

Abin da ya sa na ce igiyar ɗaya ce yana nan. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Mutumin da tukunyar gidansa ke jiran alherin wani ɗan siyasa ba zai iya tsayawa shaida a kansa ba, ba zai iya ƙin zaɓensa ba, ba zai iya hana ɗansa bin motarsa da gora ba. Taliya da atamfar ranar zaɓe ba ƙaramar ɓarna suke yi ba. Haka ranar da aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Oktoban 2020, a Kaduna da wasu garuruwa, abin da ya fi tayar wa dattawa hankali ba yunwar ba ce, jin da suka yi mutane na cewa “ai namu ne”, har da masu ɗauke abin da ba abinci ba. Mai sana'ar da ke ci da guminsa yana da bakin cewa a'a. 'Yancin ɗan ƙasa daga aljihunsa yake farawa, kuma masu ra'ayin riƙau sun riga 'yan boko masu taron bita gane haka.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya zaunar da Kakuri? KTL ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, sauran ma suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Dubban magidanta da ke tashi da asuba su kama aiki ba lalaci ne ya kore su ba. Rashin wutar lantarki ne, da tsadar man da ake kunna tukunyar injin, da atamfar fasa-ƙwauri da ta cika kasuwa, da audugar da noman ta ya ja baya. Wasunsu sun mutu suna jiran haƙƙinsu na sallama. 'Ya'yansu ne ake kira ci-ma-zaune a yau. Mai walda a Panteka yana da gatarinsa, amma in ba wuta sai janareta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ribarsa a tankin take ƙonewa. Manomin Birnin Gwari ko Giwa ko Kajuru da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya dawo gefen gari yana tura baro, ba wa'azin zomo ba ya kamuwa daga zaune yake buƙata ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta, da gyaran kasuwanni da hanyoyi, cikin aikin shugaba. A gadon da ake cewa a riƙe, dogaro da kai yana da sharaɗi, sharaɗin kuwa a wuyan mai mulki yake.

Akwai wata muhawara da ta fi kowace daɗi a majalisa, ita ce ta haraji. Lokacin da Alhaji Balarabe Musa na PRP ya hau gwamnan Kaduna a 1979, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Majalisar da NPN ke da rinjaye ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981, amma harajin bai dawo yadda yake ba. Dattawa suna cewa ranar ce aka yanke igiyar da ta ɗaure talaka da hukuma. A da mai unguwa ya san kowane baligi, dagaci yana tarawa, hakimi yana kai wa baitulmali, rasit ɗin haraji shi ne shaidar mutum. Wanda ya biya yana jin asibitin sha-ka-tafi nasa ne. Da kuɗin mai ya maye gurbi, gwamnati ta daina buƙatar mutane, mutane suka ɗauki kayan gwamnati na banza. Hujjar tana da nauyi, kuma masana tattalin arziki da yawa sun faɗi makamancinta game da ƙasashen da ke rayuwa da arzikin ƙasa. Sai dai an tsallake abu biyu. Talaka bai taɓa daina biya ba: ga tikitin kasuwa, ga na tasha, ga harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, ga abin da ake miƙawa a shingen hanya. Abin da ya ɓace shi ne rasit ɗin da fuskar wanda ya karɓa. Na biyu, a zamanin harajin ma, wanda ya biya ba shi da bakin tambaya. An shanya mutane a rana saboda shi, wasu sun bar garinsu, waɗanda suka yi ƙorafi kuwa da yawa a gaban alƙali suka tsinci kansu.

Wannan ya kawo mu ƙofar alƙali, inda Kaduna take da labarin da ya kamata a riƙa koyarwa a ajin sibik ɗin. Gab da samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun nuna fargaba a kan kotunan alƙalai da na sarakuna. A 1958 gwamnatin Sardauna ta tura wakilai Sudan da Pakistan da Libiya su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi, ta kuma gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga nan aka samu kundin Final Kod, wanda aka ɗora a kan na Sudan, ya fara aiki a 1960. Hukuncin laifuka ya koma rubutacce, ɗaya ga kowa, da 'yan wurare da aka keɓe wa Musulmi kamar haramcin shan giya. Aure da gado da makamantansu suka zauna a hannun shari'ar Musulunci, aka kafa mata kotun ɗaukaka ƙara, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Wasu malamai ba su ji daɗi ba. Amma jinin Shehu ne ya jagoranci wannan sassauci, don ya riƙe Arewa a dunƙule. Riƙau ke nan a aikace: a saki reshe don a tsira da itace.

Bayan an rasa fiye da mutum dubu a 2000, sai da aka koma ga irin wannan hikima. A 2001 gwamnatin Ahmed Makarfi ta tsara kotuna kashi uku a matakin ƙasa, na shari'ar Musulunci ga Musulmi, na gargajiya ga masu bin al'adunsu, na majistare ga kowa, ta kuma ƙara masarautu a kudancin jihar. Da an fara da teburin da aka ƙare a kansa.

Dattawa suna cewa doka ta mutu ne tun da aka raba ta da mutanen da aka sani. A 1968 aka karɓe kotuna daga hannun sarakuna, 'yan doka suka narke cikin 'yan sandan tarayya, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. A 2017 kuma gwamnatin jiha ta rage gundumomi daga 390 zuwa 77, hakimai 313 da dagatai da masu unguwanni fiye da 4,000 suka sauka, bisa hujjar cewa ƙananan hukumomi ba za su iya biyan su ba. Mai riƙau yana ganin an cire idon da ya san baƙon da ya kwana a unguwa, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Kuma gaskiya ne har gobe Bahaushen Kaduna ya fi yarda da zaure a kan kotu. Shari'a mace ce da ciki. A kotun majistare da babbar kotu da Turanci ake magana, mai ƙara yana tsaye yana jiran tafinta ya gaya masa abin da ake cewa a kan gidansa. Ga kuɗin lauya, ga ɗage zama. A bangon ofishin 'yan sanda an rubuta beli kyauta ne, kowa kuma ya san abin da ya sani. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wanda ya zaɓi sulhu a gaban liman da mai unguwa ba jahilci ne ya kai shi ba, lissafi ya yi.

Dubi harkar fili. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, shaidar mallaka kuwa daga gwamnati take fitowa, a yau ta hannun hukumar filaye ta KADGIS. Amma unguwanni nawa ne aka gina da takardar cinikin da aka rubuta da biro, shaidu uku, da hatimin mai unguwa? Mutanen nan ba su ɗauki kansu masu karya doka ba. Sun bi dokar da suka sani, sun biya la'ada, an yi addu'a. Ranar da katafila ta iso ne suke jin cewa akwai wata dokar a sama da tasu. Muddin takardun nan biyu ba su san juna ba, duk wa'azin bin doka zai riƙa sauka ne a kan wanda yake ganin ya riga ya bi.

Sai dai zauren ma ba na mala'iku ba ne. Na halarci wani sulhu na gado inda aka ce wa wata bazawara ta yi haƙuri ta bar wa 'yan'uwan mijinta shago, “don zumunci”, alhali rabon da Alƙur'ani ya yanka mata da 'ya'yanta a fili yake. Ba wanda ya daka mata tsawa. Da “Hajiya, ke ce babba” aka karɓe. Haka ake rufe maganar fyaɗe da sunan rufin asiri, idan mai laifin ɗan gidan wani ne. Sulhu yana aiki ne tsakanin waɗanda ƙarfinsu ya yi kusa. Idan tazara ta yi yawa, haƙuri kullum a wuyan ƙarami yake faɗawa. Kotun da ake kuka da ita, da duk jinkirinta, ita ce kaɗai wurin da matar nan za ta iya cewa ban yarda ba, a rubuta. Abin da ya dace shi ne a ɗaure su wuri ɗaya: sulhun zaure a rubuta shi, a kai kotu ta sa hannu, wanda bai gamsu ba a bar masa ƙofa a buɗe. Idan kuma aka rasa duka biyun, abin da ke cike gurbin mun gan shi: a yi ihun ɓarawon waya, kafin a tambayi sunansa an tara masa duwatsu.

Shirun da ya fi damuna shi ne na ƙarshe. Bayan kowane rikici a jihar nan an kafa kwamitin bincike, an karɓi rahoto da hoto, waɗanda aka hukunta kuwa ba su taka kara sun karya ba. A watan Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa cikin kwana 45. Ba a sake su ba, sai a Yulin 2021 da wata babbar kotu a nan Kaduna ta sallame su. Sambo Dasuki ya shafe shekara huɗu a tsare duk da belin da kotuna suka yi ta ba shi. Ra'ayin mutum a kan waɗannan mutane nasa ne, ni ma ina da nawa. Amma umarnin kotu umarnin kotu ne, kuma wanda ya fi kowa cancantar ya tashi tsaye a kansa shi ne mai cewa a girmama doka da tsari. A majalisarmu, dattawan da ke tsine wa mai Keke don ya bi hannun da ba nasa ba a kan titin Ahmadu Bello, da aka zo wannan magana cewa suka yi ai gwamnati ta fi mu sanin abin da take yi, wani ma ya ce da shi ne da ya ƙara musu shekara goma. Samarin nan masu latsa waya suna zaune a bakin kwata, ba su ce uffan ba, amma ba wanda ya sa abin jin sauti a kunnensa ranar.